Jinya a Gida: Mai Jiki Yana da Ta Cewa

Duk wanda ya saba zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san yadda abin ke gudana. A yi sallama a shiga, a tarar da dattijo a jingine da matashin kai, idonsa biyu, hankalinsa garau, amma sai a juya wajen ɗansa ko matarsa a ce, "Ya mai jiki? Ya ɗan ci abinci? Ya samu barci kuwa?" Su kuma su amsa a madadinsa, su zayyana abin da ya ci da wanda ya ƙi, har da sau nawa ya zaga, shi kuwa yana kwance yana jin ana ba da labarinsa. Babu wanda ya yi nufin wulaƙanta shi. Zumunci ne ya kawo 'yan dubiya, ƙauna ce ta zaunar da masu jinya. Amma mutumin da a watannin baya shi ake jira ya yanke magana a gidan nan, yau ko tambayarsa ba a yi.

Mukan yi alfahari da cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma alfaharin yana da tushe. Tsoho ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakin da ya saba, yana jin kiran salla daga masallacin unguwarsa, jikoki na kai-kawo a tsakar gida, ni'ima ce da ƙasashe masu arziki ke kashe maƙudan kuɗi don su samar wa tsofaffinsu. Sai dai zaman gida shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa mutum yana cikin mutuncinsa. Wani nazari na shekarar 2017 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke kafa hujja da shi, wanda ya tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama da ke zaune a cikin al'umma sun gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda. Duka ba shi ne kan gaba a ciki ba. Abin da ya fi yawa shi ne muzantawa da tsawa da ƙuntata rai, sai kuma cinye musu dukiya. Waɗannan mutane ne da ke gidajensu, tsakanin 'yan uwansu.

Ra'ayina shi ne, jinyar da muke yi a gida tana da yawan hidima amma tana da ƙarancin shawara da mai jikin. Muna wanke shi, muna ciyar da shi, muna sayar da kadara mu saya masa magani, sannan a hankali muna zare masa ikon da yake da shi a kan jikinsa da ɗakinsa da aljihunsa, muna ganin duk cikin jinyar ne. Wani malamin jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, ya shafe shekaru yana lura da yadda ake kula da masu gigin tsufa, kuma a littafinsa na 1997 ya lissafa hanyoyi 17 da masu jinya ke rushe mutum da su: mayar da babba yaro, yaudararsa don ya yi abin da ake so, yi masa sauri fiye da yadda zai iya bi, yin hira a gabansa kamar ba ya nan, hana shi yin abin da yake iyawa da kansa. Abin da ya fi taɓa ni a maganarsa shi ne ya jaddada cewa mafi yawan masu yin haka ba mugaye ba ne, mutane ne masu kyakkyawar niyya da suka tarar ana yi suka ci gaba. Daga aikinsa da na irinsa ne tsarin kula da ya ɗauki mutumin a matsayin ginshiƙi ya bazu, wato a fara da tambayar wane ne wannan, me ya saba, me yake so, kafin a zo kan me ke damunsa.

Farkon abin da ya kamata mai jinya ya riƙe shi ne gidan na majinyacin ne. A asibiti shi ne baƙo, dole ya bi ƙa'idar wurin, lokacin zagayen likita da lokacin kashe fitila. A gida kuwa kowa ne baƙonsa, har ɗan da ya haifa, har ma'aikaciyar jinyar da aka ɗauko da kuɗi. Aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci yara da masu hidimar gida su nemi izini kafin shiga a lokuta 3: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan isha'i. Ba a ce hukuncin ya faɗi idan mai ɗakin ya kwanta ciwo ba. Amma da zarar mutum ya kwanta sai ɗakinsa ya zama hanya, a yaye labule a faɗa, a buɗe akwatinsa ana neman katin asibiti, a kwashe tarkacen da ya tara shekara da shekaru a zubar wai ana gyara. Wani ma a ɗauke shi daga turakarsa a mayar da shi ɗakin da ya fi sauƙi ga masu jinya, ba tare da an ce masa uffan ba. Mai yiwuwa sauyin ɗakin shi ne daidai, domin kusa da ban-ɗaki ya fi aminci ga wanda ƙafa ta yi wa rauni. To a durƙusa a ce, "Baba, mun ga kamar ɗakin Inna ya fi kusa da bayi, ko za ka yarda mu mayar da gadonka can?" Sau da yawa zai amince. Idan ya ƙi, a saurari dalilinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maganar kuɗi ta fi wannan nauyi, kuma ita ce muka fi kawar da kai a kanta. Dattijo ya kwanta, babban ɗa ya karɓi katin cirar kuɗinsa da lambar sirri don a riƙa sayen magani, daga nan shi ke nan, fanshon da ya yi shekara 35 yana wa aiki ba ya sake sanin shigarsa balle fitarsa. Mutumin da ya saba ba jikoki na kashewa, ya ba almajiri sadaka, ya aika gudunmawar biki, yanzu sai ya roƙi naira 500 daga cikin kuɗinsa, a kuma tambaye shi me zai yi da ita. Wani lokaci a sayar da gona ko a jinginar da fili, sai bayan an gama a sanar da shi, ko ma a ɓoye. Ko da kowane kwabo a kan jinyarsa aka kashe, an yi masa ba daidai ba, domin dukiyar mai rai ba gado ba ce. A riƙa kawo masa lissafi, a bar masa wani abu a ƙarƙashin matashin kansa da zai yi kyauta da shi da hannunsa.

Na san amsar da za a ba ni: ai lafiyarsa muke nema, idan aka biye masa zai cuci kansa. Wannan magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai hawan jini da ya dage sai an sa masa gishiri a miya, ko mai ciwon suga da ya ce shi fa sai ya yi azumi, ya san zafinta. Dokar Ingila da Wales ta 2005 a kan ikon yanke shawara ta yi wa wannan matsala tsari da nake ganin akwai hankali a cikinsa. Ta ce a ɗauka kowane baligi yana da ikon yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kafin a ce ba ya iyawa sai an yi duk abin da zai yiwu don taimaka masa ya fahimta. Ta ƙara da cewa don mutum ya zaɓi abin da wasu ke gani wauta ne, wannan bai isa hujjar cewa hankalinsa ya gushe ba. Ba ina cewa a kwaso dokar wata ƙasa a ɗora mana ba. Amma mu ma mun san cewa lafiyayyen mutum yana cin abin da likita ya hana, yana tafiyar dare, yana yin kasada iri-iri, ba wanda ya ƙwace masa mabuɗin ɗaki. Me ya sa kwanciya za ta sa a mayar da shi ƙaramin yaro? Mai son azumi a kai shi wurin likita tun kafin watan ya kama a duba ko jikinsa zai ɗauka a kuma gyara masa lokutan magani, a kira malamin da yake jin maganarsa ya tuna masa rangwamen da shari'a ta yi wa marar lafiya da tsoho. Mai son goro a yi ciniki da shi a kan ɓari guda da hantsi. Wannan hanyar ta fi tsawo, ta fi cin rai, amma wanda aka shawo kansa yana shan maganinsa ko ba kowa a ɗakin, wanda aka tilasta kuwa yana tura ƙwayar ƙarƙashin katifa.

Akwai kuma ɓoye wa mutum ciwonsa. Likita ya ce sankara ce kuma ta yi nisa, sai 'ya'ya su haɗa baki a bakin ƙofa: kada a gaya wa Hajiya, hankalinta zai tashi. A dawo da ita gida ana ce mata gyambon ciki ne. Tausayi ne ke kawo haka, ban musa ba. Amma a duba abin da aka hana ta. Musulmi yana da damar yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, yana da bashin da yake son ya biya, da ajiyar mutane da shi kaɗai ya san inda take, da 'yar uwar da suka yi shekara ba sa ga-maciji yana son su yafi juna. Duk wannan yana buƙatar mutum ya san halin da yake ciki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar a 2018 duk sun amince cewa majinyaci yana da haƙƙin a yi masa bayanin lafiyarsa ta yadda zai gane, kuma a kiyaye sirrinsa. Ba dole ne a jibga masa labarin gaba ɗaya ba. A tambaye shi, "Kina so likita ya yi miki bayani, ko kin fi so ya yi da mu?" Wasu za su ce a yi da yaran, kuma wannan ma zaɓinsu ne da ya kamata a girmama.

Sai batun kunya, wanda a wurin Bahaushe ba ƙaramin abu ba ne. Dattijuwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, yau ita ce sai an ɗaga ta an ɗora a fo, an yi mata tsarki, an sa mata famfas. Ko ba ta yi magana ba, abin yana ci mata rai fiye da ciwon. Ba za a iya kauce wa wannan hidima ba, amma akwai yadda ake yin ta. A tambaye ta wa take so ya yi mata wanka, domin wata ta fi sakewa da ƙanwarta a kan 'yarta, wata kuma ta gwammace baƙuwa a kan matar ɗanta. A rufe ƙofa, a fitar da yara, a lulluɓe duk inda ba a wankewa a lokacin. A faɗi abin da za a yi kafin a kai hannu: "Inna, zan juya ki ta dama." Wanda ba ya iya motsi yana buƙatar a riƙa juya shi kamar duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da duga-dugai, kuma wannan juyi na nufin hannun wani a jikinsa dare da rana. Idan kuma ya ɓata shimfiɗa, a gyara ba tare da tsaki ko toshe hanci ba, kada kuma ya zama labarin da za a ba maƙwabta. Wani sabon abu da wayar hannu ta kawo shi ne ɗaukar hoton majinyaci a mafi munin halinsa a watsa a WhatsApp da Facebook ana neman taimako ko addu'a. Buƙatar kuɗin gaskiya ce, amma fuskar tasa ce, shi ya kamata a fara tambaya.

Ibada ma tana cikin abin da ake saurin sauke wa mutum ba da izininsa ba. "Ai Allah ya ɗauke masa," in ji mu, alhali abin da ya fi damun tsohon shi ne lokaci ya shiga ba wanda ya kawo masa buta. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Ahalari da Risala, sun yi bayanin taimama da sallar wanda ba ya iya tsayuwa, a zaune ko a kwance. Ajiye dutsen taimama kusa da gadonsa, da juya gadon ya fuskanci alƙibla, da gaya masa an kira la'asar, ba sa cin ko sisi. Haka Kirista da ya saba zuwa coci duk Lahadi, a nemo wanda zai zo ya yi addu'a tare da shi. Rediyonsa da yake jin labaran safe da ita, carbinsa, hularsa, abokan hirarsa na ƙofar gida da za a iya shigo da su ko a fitar da shi wurinsu da yamma, da su yake gane cewa har yanzu yana cikin mutane.

Wata cutarwar kuma daga tsabar tausayi take fitowa. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki yana ƙoƙarin kai cokali bakinsa, hannu na rawa, kunu na zuba, sai a karɓe a ce, "Kawo in ba ka, kada ka wahala." An huta da wanki, an gama da wuri. Amma masu gashin ƙashi kullum suna nanata cewa gaɓar da aka daina amfani da ita ƙara mutuwa take yi, kuma tsohon da ke kwance ƙarfin ƙafarsa na zubewa cikin 'yan kwanaki. Ƙa'idojin kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017 sun karkata ne ga kiyaye abin da mutum ke iya yi da kansa: tafiya, gani, ji, cin abinci, tunani. Idan yana iya ɓalle maɓallin rigarsa cikin minti 10, a ba shi minti 10 ɗin.

Inda abin ya fi wuya shi ne gigin tsufa, wanda ke damun mutum fiye da miliyan 55 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A nan da gaske akwai shawarar da mutum ba zai iya yankewa ba. Tsohuwa ta fita da tsakar dare tana neman gidan mahaifinta da ya rasu tun tana amarya, ko ta zargi jikarta da sace mata zane. Wasu gidajen sukan kulle ta a ɗaki, wasu har ɗaurewa, a wasu wuraren kuma a jefe ta da maita. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana buƙatar likita. Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma manufarta kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah. Ko wadda ta manta sunan 'ya'yanta tana gane murya mai taushi da mai kaushi, tana iya nuna zanen da take so cikin guda 2, kuma sau da yawa fitinar da take yi alama ce ta ciwo a wani wuri, ko ƙishirwa, ko fitsari ya matse ta. A sa sakata a ƙofar waje a bar mata tsakar gida ya fi a kulle ta a ɗaki. Idan dole ne a yanke mata shawara, a yanke irin wadda da ita za ta yanke lokacin tana da lafiya.

Zalunci ne a jera duk waɗannan a wuyan mai jinya ba tare da an dubi halin da take ciki ba. Na ce "take" domin galibi mace ce: matar gida da ita ma tsufa ya kama, ko matar ɗa mai goyo, ko yarinyar da aka cire daga makaranta, ko 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye ba tare da an koya mata komai ba. Mutumin da ya yi wata da watanni ba ya barcin kirki, haƙurinsa zai ƙare, kuma a kan majinyacin zai ƙare. Ayoyi na 23 da 24 na Suratul Isra'i da suka hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan sun tsufa, da 'ya'ya suke magana, maza da mata. Ɗan da ke Abuja ko Legas yana turo kuɗi yana ba da umarni ta waya ya yi wani abu, amma bai sauke nauyin ba. A raba kwana, a ba mai jinya ranar hutu da za ta je unguwa, a biya 'yar aiki haƙƙinta a kan lokaci, 'ya'ya maza su karɓi wankan mahaifinsu da askinsa.

Hukuma ma tana da nata kason. An kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa bisa dokar 2017, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Amma iyalin da aka sallamo musu mai shanyewar ɓarin jiki yawanci da takardar magani kawai suke komawa gida, ba wanda ya nuna musu yadda ake ɗaga shi ba tare da an gurɗa masa kafaɗa ba, ko yadda ake ba shi ruwa kada ya shaƙe. A ƙasar Holan, wani ma'aikacin jinya mai suna Jos de Blok ya kafa Buurtzorg a 2006: ƙananan rukunonin ma'aikatan jinya da ba su wuce mutum 12 ba, kowane rukuni da unguwarsa, suna bi gida-gida, suna fara aikinsu da duba abin da majinyaci ke iya yi da kansa da kuma waɗanda ke kewaye da shi. Ba mu da kuɗinsu, amma muna da makarantun koyon aikin lafiya da ke yaye ma'aikatan lafiyar al'umma duk shekara, da yawansu na zaune ba aiki, muna kuma da ƙananan asibitoci a mazaɓu. Jihohi za su iya ɗaukar waɗannan matasa, a ƙara musu horo a kan kula da tsofaffi, a ba kowannensu gidajen da zai riƙa leƙawa, mace ga mata, namiji ga maza. Kafin a kai ga haka, asibitocin da ke sallamar majinyata za su iya ware ko da rabin awa su koya wa iyali juyi da ɗagawa da ciyarwa, kuma a yi bayanin a gaban majinyacin, da harshen da yake ji, a bar shi ya yi tambayoyinsa kafin a sa hannu a takardar sallama.